Tsakanin Iska da Fuskar Teku: Amsoshin Wasiƙunku

Wasiƙu biyar na ware a wannan fitowar. Masu su ba su san juna ba, amma tambayoyinsu a wuri ɗaya suka haɗu, wato abin da iska ke saukewa a kan teku da abin da teku ke mayar mata. Na rage tsawon wasu saboda fili.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamar kimiyya ce a sakandare. Wata ɗalibata ta nuna mini hoton da tauraron ɗan'adam ya ɗauka, ga ƙura ta taso daga Sahara ta lulluɓe wani makeken yanki na Tekun Atilantika. Ta tambaye ni ko wannan ƙurar ɓata teku take yi. Na ce mata zan bincika. Me zan gaya mata?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Allah ya yi wa yarinyar nan albarka, ke ma ya saka miki da ba ki sallame ta da abin da ba ki tabbatar ba. Ki gaya mata cewa a mafi yawan lokuta ƙurar da ta gani taki ce ga teku.

A saman ruwan teku, iya inda hasken rana ke kaiwa, akwai wasu ƙananan tsirrai masu ƙwayar halitta ɗaya tak, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin ƙara girma. Masana na ce musu filankiton. Kusan duk abin da ke rai a teku a kansu ya dogara, kuma wajen rabin aikin da tsirran duniya ke yi na zuƙe iskar kabon da fitar da oksijin su ke yin sa. Suna bukatar haske, suna bukatar naitirojin da fosfaras, sannan suna bukatar sinadarin ƙarfe. Ɗan mitsitsi ne suke bukata, amma in babu shi sauran ba su da amfani, tamkar a tara itace babu ashana.

Ƙarfe ba abu ne mai wuya ba a doron ƙasa, shi ne ma na huɗu a yawa cikin sinadaran ɓawon ƙasa, kusan kashi 5 cikin 100. A ruwan teku ne ba ya zama. Ruwan na da oksijin kuma ba shi da tsami, don haka da zarar ƙarfe ya narke a ciki sai ya koma tsatsa, ya manne wa ɓurɓushin da ke yawo, ya nutse. Koguna na kawo shi da yawa, sai dai akasarinsa a bakin teku yake kwantawa, inda ruwan daɗi ya gamu da na gishiri. Idan kika nausa tsakiyar teku sai kin tace lita miliyan 20 kafin ki tara giram ɗaya, a wasu sassan Tekun Kudu, wanda ke kewaye da Antatika, ma sai lita miliyan 100 ko fiye. A irin waɗannan wurare, in ba abin da ruwan can ƙasan teku ya turo sama ba, sai abin da ya faɗo daga iska.

Matuƙa jiragen ruwa sun riga masana sanin wannan ƙura. A 1832, da jirgin Beagle ya kusanci tsibiran Cape Verde, Charles Darwin ya tattara ƙurar da ta kwanta a jikin jirgin, a 1846 kuma ya wallafa bayani a kanta. Masanin Jamus Christian Ehrenberg ya duba samfuran ya tarar da ɓawon ƙananan halittu, mafi yawansu na ruwan daɗi. A yau an san dalili: manyan wuraren da ƙura ke tasowa gindin tafkunan da suka ƙafe ne. Wanda ya fi shahara shi ne kwarin Bodele a arewacin Chadi, wanda dubban shekaru da suka wuce yake ƙarƙashin wani katafaren tafki da Tafkin Chadi na yau ragowarsa ne. Iska na matsowa ta tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta ƙara ƙarfi, ta kwashi farar ƙasar da waɗancan halittu suka bari ta yi sama da ita.

A 2015 masanan hukumar NASA ta Amurka, bisa awon da tauraron CALIPSO ya yi daga 2007 zuwa 2013, sun ƙiyasta cewa kimanin tan miliyan 182 na ƙura ke ficewa daga yammacin Sahara a kowace shekara. Kusan tan miliyan 28 na sauka a yankin Amazon ɗauke da fosfaras wajen tan 22,000, wani kaso ya zarce Karibiyan, mai yawa kuma ya zube a ruwa a kan hanya. Yawan ba ɗaya ba ne kowace shekara. Tun 1965 ake auna ƙura a tsibirin Barbados, aikin da Joseph Prospero na Jami'ar Miami ya riƙe shekara da shekaru, kuma awon ya nuna ƙurar ta ƙaru matuƙa lokacin farin da ya addabi yankin Sahel a shekarun 1970 da 1980.

Kada dai ɗalibar ta ɗauka duk ƙarfen da ke cikin ƙurar ne ke amfani. Ƙarfe kashi 3 zuwa 4 cikin 100 ne na nauyinta, kuma daga ciki ɗan kaɗan ke narkewa, sau da yawa kashi 1 ko 2 cikin 100. Tafiyar ce ke ƙara masa narkewa: kwanaki a sama, zafin rana, shiga gajimare da fita, da cuɗanya da tsamin da hayaƙin masana'antu da na gobarar daji ke zubawa a iska. Shi ya sa ƙarfen da ke cikin hayaƙi, ko da yake bai kai na ƙura yawa ba, ya fi shi saurin narkewa. Akwai wata halitta da aikinta ke matuƙar burge ni, Trichodesmium, mai zama curi-curi a ruwan ɗumi. Tana ɗauko naitirojin daga iskar da ta narke a ruwa ta mayar da shi abin da sauran tsirrai za su iya ci, aikin da ke cin ƙarfe sosai. An ga curinta yana cafke ƙwayar ƙura, ya jawo ta tsakiyarsa, ya narkar da ita sannu a hankali.

Ba hamada kaɗai ke wannan aiki ba. A watan Agusta na 2008 dutsen Kasatochi na Alaska ya yi aman wuta, tokarsa ta zuba a arewa maso gabashin Tekun Fasifik, cikin kwanaki kaɗan ruwan ya yi kore shar a hotunan tauraro. Haka aka gani a Tekun Kudu bayan gobarar dajin Ostiraliya ta 2019 zuwa 2020. Gefe guda kuma, wata ƙurar na zuwa da jan ƙarfe mai yawa, shi kuwa guba ne ga wasu daga cikin tsirran, don haka abin da ya ciyar da wani nau'i yana iya danne wani.

Tambaya: Malam, ni ɗalibin jami'a ne a sashen kimiyyar sinadarai. Idan rashin ƙarfe ne ke hana tsirran teku yaɗuwa, su kuma suna zuƙe iskar kabon, me zai hana a riƙa zuba ƙarfe a teku don a rage ɗumamar yanayi? Ni a ganina hanya ce mai sauƙi da arha.

Amsa: Ƙanena, an yi wannan tunani naka fiye da shekara 30 da suka wuce, kuma an gwada shi a teku.

Akwai manyan yankuna uku da suka daɗe suna ɗaure wa masana kai: Tekun Kudu da ke kewaye da Antatika, gabashin Fasifik wajen layin da ya raba duniya biyu, da can arewacin Fasifik. Ga naitirojin da fosfaras jibge a ruwa, ga tsirrai ƙalilan. Tun shekarun 1930 wasu suka zargi rashin ƙarfe, amma babu hanyar tabbatarwa. Kai da ke ɗakin gwaji za ka gane matsalar nan take. Jirgin ƙarfe ne, wayar da ake zura kwalba da ita ƙarfe ce, ga tsatsa ko'ina, kuma abin da ake son aunawa bai kai abin da yatsa ɗaya zai bari a bakin kwalba ba. Alƙaluman da aka tara shekaru da dama, datti aka auna. Sai a ƙarshen shekarun 1970, da aka koma kwalaben roba da aka jiƙa a asid, da igiya marar ƙarfe, da ɗakunan da ake tace iskarsu a cikin jirgi, sannan aka fara samun awo na gaskiya.

John Martin na cibiyar Moss Landing a Kalifoniya ya yi amfani da wannan tsafta. Ya ɗebi ruwan arewacin Fasifik a kwalabe, ya ɗiga wa wasu ƙarfe ya bar wasu, waɗanda aka ɗiga wa suka cika da tsirrai. Ya kuma haɗa wannan da abin da ƙanƙarar Antatika ta adana: a zamunan da ƙanƙara ta mamaye duniya, ƙurar da ke sauka can, akasari daga yankin Patagoniya da ke Kudancin Amurka, ta ninka ta yanzu fiye da sau goma, iskar kabon kuma ta sauka zuwa wajen kashi 180 zuwa 190 cikin miliyan, alhali a zamunan ɗumi tana wajen 280. A 1988, a wata lacca a cibiyar binciken teku ta Woods Hole da ke Amurka, ya faɗi maganar da ta bi duniya, cikin raha, cewa a ba shi rabin jirgin dakon mai cike da ƙarfe, zai dawo da zamanin ƙanƙara. Ya rasu a 1993, watanni kaɗan kafin abokan aikinsa su yi gwajin farko a kusa da tsibiran Galapagos. A gwaji na biyu, a 1995, tsirran sun ninka fiye da sau 20. Ta wannan fuska Martin ya yi gaskiya.

Amma ba girin-girin ba, ta yi mai. Ruwa ya yi kore ba shi ne biyan bukata ba. Abin da ake nema shi ne kabon ya nutse can ƙasa ya zauna ɗaruruwan shekaru. Idan ƙananan dabbobi suka cinye tsirran a sama, ko ƙwayoyin bakteriya suka ruɓar da su, kabon ɗin iska yake komawa. An yi gwaje-gwaje fiye da goma daga 1993 zuwa 2009, sakamakonsu kuma ya sha bamban. A na 2004 a Tekun Kudu, aƙalla rabin tsirran sun nutse ƙasa da mita 1,000. A na 2009, wanda Indiya da Jamus suka yi tare a jirgin Polarstern, ruwan ba shi da isasshen silika, sinadarin da tsirrai masu nauyi ke gina ɓawonsu da shi, sai ƙanana marasa ɓawo suka yaɗu, ƙwarin ruwa dangin jatan lande suka cinye su, kabon kaɗan ne ya yi ƙasa.

Sai kuma abin da zai biyo baya. Naitirojin da fosfaras ɗin da ka sa aka cinye a Tekun Kudu, da ma igiyoyin ƙarƙashin teku za su kai su wasu yankuna masu nisa ne, inda kifaye da masunta suka dogara da su. Tsirran da suka nutse in sun ruɓe suna cinye oksijin ɗin ruwan ƙasa. An kuma samu wani nau'i mai fitar da guba, Pseudo-nitzschia, yana cikin masu amsa kiran ƙarfe. Saboda haka a 2008 ƙasashen da ke cikin Yarjejeniyar Landan kan zubar da abubuwa a teku suka amince kada a yi wannan aiki sai don sahihin bincike. Duk da haka a 2012 wani kamfani ya zuba wajen tan 100 na sinadarin ƙarfe a yammacin Kanada, abin da ya jawo ce-ce-ku-ce mai yawa.

Ra'ayina shi ne a ci gaba da bincike ƙanƙani, a fili, bisa sa ido. Sayar da shi a matsayin magani kuwa ban yarda da shi ba. Mutane na fitar da fiye da tan biliyan 35 na iskar kabon duk shekara daga mai da gas da kwal, kuma ko ƙiyasin masu kyakkyawan zato bai ce ƙarfe zai kwashe fiye da ɗan kaso na wannan ba. In kana son shiga fagen, nemi bayanan shirin GEOTRACES, wanda masana daga ƙasashe fiye da 30 ke auna irin waɗannan sinadarai a dukkan tekuna. Alƙalumansu na intanet kyauta.

Tambaya: Na yi aiki a jirgin ruwa har na yi ritaya. Ko ruwa bai fantsamo maka ba, in ka lashi leɓe sai ka ji gishiri, kuma ƙarfe ba ya jimawa sai tsatsa. Idan gishiri na hawa iska haka, me ya sa ruwan sama ba ya da gishiri?

Amsa: Baba, Allah ya ƙara lafiya. Hanyoyi biyu ne ruwa ke barin teku. Ta farko tururi, shi kuwa ruwa zalla yake ɗauka ya bar gishirin, giram 35 a kowace lita, a inda yake. Daga nan akasarin ruwan sama yake. Ta biyu ita ce wadda ka lasa. Idan igiyar ruwa ta karye tana danna iska cikin ruwa, ƙwayoyin kumfa su taso su fashe a sama. Kowace ɗaya in ta fashe, fatarta na tarwatsewa zuwa ɗigo-ɗigo ƙanana, sannan ramin da ta bari ya rufe da ƙarfi ya harbo wasu ɗigon sama. Ruwan ya bushe a iska, ƙwayar gishiri ta rage tana yawo. Manyan na faɗowa kusa, su ne ke cin ƙarfen jirgi. Ƙananan na hawa, tururi ya taru a jikinsu su zama ɗigon gajimare. Don haka ruwan sama na da gishiri, kaɗan ne harshe ba ya ji, kuma na gaɓar teku ya fi na tsakiyar ƙasa.

Ba gishiri kaɗai feshin ke ɗauka ba. A fuskar teku akwai wani siririn shimfiɗi da bai kai milimita ɗaya ba, inda maiƙo da majinar tsirrai da bakteriya da wasu ƙarafa ke taruwa fiye da ruwan da ke ƙasansa. Duk abin da zai shiga teku ko ya fita sai ya ratsa ta nan. Yadda ake ɗibarsa ma abin sha'awa ne: a tsoma faifan gilashi a tsaye, a zaro shi a hankali, a katse abin da ya manne da roba zuwa cikin kwalba.

Ƙanshin nan na teku da ka sani kuwa, wani ɓangarensa iska ce mai ɗauke da farar wuta, wadda ke fitowa in tsirran ruwa sun mutu ko an cinye su. Tan miliyan 20 zuwa 30 na farar wuta ke barin teku ta wannan hanya duk shekara, ta shiga cikin abin da ke haɗa gajimare. Wasu tsuntsayen teku da ƙanshinta suke gano inda abinci yake.

Tambaya: Ni ma'aikaciyar jinya ce. An koya mana cewa maƙoƙo ya fi yawa a wuraren da ke nesa da teku saboda ƙarancin aidin. Yaya aidin ɗin teku ke isa ƙasa tun farko?

Amsa: 'Yar'uwa, ta sama yake zuwa. Teku ne babban rumbun aidin na duniya, wajen maikirogiram 60 a kowace lita, kuma daga tokar ciyawar teku Bafaranshe Bernard Courtois ya fara gano shi a 1811, da ya ga tururi mai launin shuni yana tashi daga tukunyarsa.

An daɗe ana zaton halittun ruwa ne ke fitar da mafi yawansa. Suna fitarwa, amma a 2013 Lucy Carpenter da abokan aikinta a Ingila suka nuna cewa babbar hanyar ba ta bukatar mai rai. Iskar ozon da ke ƙasa-ƙasa tana taɓa fuskar teku, ta haɗu da aidin ɗin da ke narke, ya tashi a matsayin iska. Ruwan sama ya sauko da shi, akasari cikin tekun dai, wani kaso a kan tudu, ƙasa ta riƙe, shuka ta zuƙa, dabba da mutum su samu. Shi kuma aidin ɗin da ya tashi yana lalata ozon. A tashar awon iska ta Cape Verde an gano a 2008 cewa ozon na ɓacewa a saman tekun da wajen kashi 50 cikin 100 fiye da yadda lissafi ya nuna, saboda aidin da buromin, wani sinadarin da shi ma teku ke fitarwa. Ozon na ƙasa gurɓatacciyar iska ce mai cutar da huhu da amfanin gona, wadda hayaƙin motoci da masana'antu ke ƙarawa. Mun ƙara ozon, teku ya ƙara fitar da aidin: tsohuwar ƙanƙarar tsibirin Girinlan ta nuna ya ninka sau uku daga 1950 zuwa 2010.

Abin da aka koya muku daidai ne, amma nisa kaɗai ba ya yanke hukunci. Ƙasar da ambaliya ko ruwa mai yawa ke wankewa, da wadda ƙanƙara ta kankare a da, da ƙasar tsaunuka irin Alps da Himalaya da Andes, duk ba sa riƙe aidin. Shi ya sa Suwizalan ta fara sa shi a gishiri a 1922, jihar Michigan ta Amurka ta bi a 1924. Baligi na bukatar maikirogiram 150 a rana, mai ciki 250. Ki ja hankalin masu zuwa awo cewa gishirin da aka busar daga ruwan teku, in ba a ƙara masa ba, aidin ɗinsa kaɗan ne ƙwarai.

Tambaya: Malam, maiɗakina na da juna biyu. Mun karanta cewa mai ciki ta guji manyan kifayen teku saboda zaiba, wadda wasu ke kira makuri. Abin da ban gane ba, kifin da ke tsakiyar teku, inda babu masana'anta ko ɗaya, ina ya samo ta?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya sauke ta lafiya. Iska ce ta kai masa.

Zaiba ƙarfe ce da ke zama tururi cikin sauƙi. Duwatsu masu aman wuta na fitar da ita, amma rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018 ya ƙiyasta cewa ayyukan mutane sun tura wajen tan 2,220 cikin iska a 2015 kaɗai. Kusan kashi 38 cikin 100 daga ƙananan masu haƙar zinariya ne, waɗanda ke kama zinariya da zaiba sannan su ƙona ta, wajen kashi 21 kuma daga ƙona kwal. Tururin na iya yin watanni, har zuwa shekara, yana zaga duniya. A sama yake haɗuwa da wasu sinadarai, cikinsu har da buromin da tekun kansa ya fitar, ya koma nau'in da ruwan sama ke wankowa.

Mafi yawan wadda ta sauka a teku ba ta zama. Hasken rana na mayar da ita tururi ta sake tashi, ta sake sauka wani wuri, haka take ta kai-kawo. Wadda ta manne wa matattun tsirrai ta nutse ita ce abin damuwa. A tsakiyar zurfi, inda oksijin ya yi ƙaranci, ƙwayoyin halitta na juya ta zuwa wani nau'i mai kama tsoka wanda jiki ba ya saurin fitarwa. Tsiro ya ɗauka, ƙwaron ruwa ya ci tsiro, ƙaramin kifi ya ci ƙwaro, babba ya ci ƙarami, kowane mataki tana ƙara taruwa, har ta ninka abin da ke cikin ruwan sau miliyan ko fiye. Wani bincike na 2014 da Carl Lamborg ya jagoranta ya nuna zaibar da ke saman mita 100 na teku ta ninka sau uku tun farkon zamanin masana'antu. Illarta ga ƙwaƙwalwar ɗan tayi a garin Minamata na Japan aka gan ta ƙarara, inda aka gano cutar a 1956 bayan wata masana'anta ta yi shekaru tana zubar da ita a ruwa. Sunan garin aka ba yarjejeniyar duniya kan rage zaiba ta 2013, wadda ta fara aiki a 2017.

Ina so ka ji labarin dalma, don ka san ba a banza ake irin wannan yarjejeniya ba. Clair Patterson na jami'ar Caltech ta Amurka yana ƙoƙarin auna shekarun duniya ne da dalmar da ke cikin duwatsun da suka faɗo daga sama, ya kuma samu biliyan 4.55 a 1956, amma dalmar da ke yawo a iska ta yi ta ɓata masa awo. Ya bi sawunta har teku, ya tarar ruwan sama-sama ya fi na ƙasa dalma nesa ba kusa ba. Tushenta ita ce wadda aka fara zubawa a man fetur a 1923. Ya sha matsin lamba daga masu sayar da ita, bai janye ba. Amurka ta fara ragewa a shekarun 1970, Turai ta biyo baya, Aljeriya ce ta ƙarshe a 2021. Edward Boyle na jami'ar MIT ta Amurka ya shafe shekaru yana auna ruwan kusa da tsibirin Bermuda, ya ga dalmar ta faɗi wajen ninki goma. Dalma ba ta komawa iska. Shekara biyu ko makamancin haka take yi a saman ruwa ta nutse, saboda haka da aka toshe bututun, teku ya nuna.

Zaiba ba za ta yi wannan saurin ba, saboda kai-kawon da na faɗa, da kuma tsohuwar da ta taru a tsakiyar zurfi tana tasowa. Wani bincike na 2024 ya duba samfuran kifin tuna kusan 3,000 daga 1971 zuwa 2022, ya tarar zaibar jikinsu kusan ba ta motsa ba, duk da raguwar hayaƙinta a Turai da Arewacin Amurka. Masu binciken sun ƙiyasta cewa ko da an ɗauki mataki mafi tsauri, sai an yi shekara 10 zuwa 25 kafin ruwan ya fara sauyawa, kifin kuma sai bayan haka. Wannan ne ya sa nake ganin taimaka wa masu haƙar zinariya su koma hanyoyin da ba sa bukatar zaiba aiki ne na gaggawa, kuma su da iyalansu ne ke fara shaƙar tururin kafin ya isa ko'ina.

Ita kuwa maiɗakinka kada ta daina cin kifi, domin ƙwaƙwalwar jaririn na bukatar man da ke cikinsa, da aidin. Manya masu tsawon rai da ke cin 'yan'uwansu za ta guje wa: kifin shak, kifi mai takobi, malin, da tuna mai manyan idanu. Ƙanana irin sadin, da salmon, zaibarsu kaɗan ce, hukumomin lafiya na Amurka ma sau biyu zuwa uku a mako suke ba masu ciki shawarar ci. Dafawa ko suya ko ɓare fata ba sa cire ta, tunda a cikin tsokar take, don haka wajen zaɓen kifin ne za ku kula. In ta je awo na gaba ta faɗa wa ungozoma ko likita irin kifin da ta fi ci.